Ni Na Yi Wa Golansu Waƙar Laya, Ga Shi Ya Ba Ni Amanar Ransa

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku jama'a masu karatu. Allah ya saka muku da alheri bisa lokacin da kuke ba mutane irina. Don girman Allah a sakaya sunana, ko harafin farko kada a sa, don mu nan Sakkwato in ka yi tari a Ƙofar Kware sai an ce maka sannu daga Ƙofar Rini. Kuma ina roƙo, kafin ku zage ni ku daure ku kai ƙarshe. Zagi kam na san zan sha, kuma na cancanta, amma ba shi ya kawo ni ba. Ranar Asabar ɗin nan ake wasan ƙarshe, kuma akwai yaron da zai iya faɗuwa a fili numfashinsa ya ɗauke saboda bakina.

Ni ɗalibi ne a wata kwaleji nan cikin gari, ajin ƙarshe. Ban iya ƙwallo ba, in na buga ta gabas sai ta yi yamma, amma Allah ya ba ni baki. Ni nake shirya wa magoya bayan ƙungiyar makarantarmu waƙoƙin da ake rerawa a fili, kirari ga namu, zambo ga na wancan ɓangaren. Sai dai ba ni nake jan waƙar ba. Akwai abokina da muke kira Dogo, mai murya kamar lasifikar masallaci, shi ke tsayawa gaba yana ja ana amshi. Kowa ya ɗauka shi ke ƙirƙira, ni kuwa hakan ya yi mini daidai, don gidanmu ba za su ji daɗi a ce ɗansu ya zama maroƙin ƙwallo ba. Daga ni sai Dogo muka san wanda ke haɗa baitocin.

Akwai wata kwaleji da muke gaba da ita a wasa. Gadon gabar muka yi, ba wanda ya san mafarinta, mu dai mun zo mun tarar ba a ga maciji. In za a haɗu, tun ana saura mako gari ke ɗaukar zafi, har 'yan kabu-kabu sai sun rabu gida biyu. Kowane ɗan wasansu na yi masa zambo ya zauna masa daram. Mai gwame na yi masa, wanda ya maimaita aji na yi masa, mai sanƙo tun yana saurayi ma bai tsira ba. Mutum ɗaya ne ya gagare ni, shi ne golansu, wanda ake wa laƙabi da Ƙyaure saboda in ya rufe raga sai dai a haƙura.

Jama'a, ta ina za ka fara ƙin wannan yaro? Ran da ɗan wasan gabanmu ya yi karo da shi ya faɗi a sume, ƙwallo na yawo gaban ragarsa amma ya bar ta ya durƙusa yana yi wa namu fifita da safar hannunsa. Wata rana alƙalin wasa ya ba shi bugun gida, shi da kansa ya je ya ce a'a, hannunsa ya taɓa ƙwallon kafin ta fita, a ba mu bugun kusurwa. Wa ke yin haka? Mu kan tsaya bayan ragarsa mu yi ta yi masa ihu tun daga farko har a tashi, in an busa sai ya juyo ya ɗaga mana hannu ya ce sannunku da ƙoƙari, Allah ya huta gajiya. Tsohon da ke sayar mana da rake a bakin fili, wanda ya fi kowa son ƙungiyarmu, cewa yake wanga yaro ɗan halak ne, ya so a ce namu ne. Har ta kai in Ƙyaure ya ture ƙwallo mai wuya, sai ka ji tafi na tashi daga cikinmu, Dogo na zare ido yana neman wanda ya fara. Dogo kan ce yaya za a yi yaƙi da mutumin da kake jin kunyarsa?

Abin da ba wanda ya sani shi ne, ni na san sirrin Ƙyaure tun bara. Yana da wata 'yar jakar fata, ba ta kai tafin hannu ba, da yake ajiyewa a gindin raga tare da gorar ruwansa. Ba wanda ya taɓa kula da ita. Bayan wani wasa da muka yi a filinsu, na zagaya bayan ajujuwa neman famfo in yi alwalar la'asar, sai na tarar da shi zaune a ƙasa ya jingina da bango, ƙirjinsa na wani irin fito, idanunsa sun firfito. Jakar na gabansa, yana ta kokawa da igiyar bakinta amma yatsunsa sun ƙi. Bai iya magana ba, nuni kawai ya yi mini. Na kwance, sai ga abin shaƙa na masu asma. Na sa masa a hannu ya kai baki ya shaƙa, ya sake shaƙa, ni kuwa wallahi na ɗauka a gabana zai cika.

Da ya dawo hayyacinsa ya ga rigar makarantarmu a jikina, sai ya yi murmushi ya ce ashe abokin gaba ne ya cece shi. Ya ba ni labari. Tun yana ƙarami yake da ciwon, daga baya ya lafa har aka ɗauka ya rabu da shi. Mahaifinsa malami ne da ake ji da shi a unguwarsu, mai karantarwa a zaure, kuma da ƙyar ya bar shi ya yi ƙwallo, bisa sharaɗin duk ranar da ciwon ya dawo an gama. To ciwon ya dawo bayan ya shiga kwaleji, musamman lokacin zafi, ya ɓoye wa gida, ya ɓoye wa kocinsu don kada a ajiye shi a benci. In ya ji alamar abin a cikin wasa sai ya durƙusa gindin raga kamar mai shan ruwa, ya juya baya ya shaƙa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Don Allah aboki, wanga zance ya tsaya nan. Amana ce na ba ka." Na ce masa ko mahaifiyata ba za ta ji ba. Daga ranar muka saba, mukan gaisa a waya, in ya gan ni a hanya ya rage mini hanya a babur ɗinsa, muna tafe muna tsokanar juna a kan wa zai ci kofi.

Bana a haɗuwarmu ta farko suka ci mu ɗaya da nema, kuma ana dab da tashi muka sami fenariti, Ƙyaure ya kama ta kamar an miƙa masa. Washegari muna zaune ƙarƙashin dogonyaro a makaranta, kowa rai a ɓace, sai Dogo ya ja ni gefe ya fara yi mini gori. Wai bakina ya mutu, wai na iya zagin masu gwame amma gola ɗaya ya sa na zama bebe, wai ko dai ni ma na bi sahun masu tafi ne. Ya taɓa ni a inda nake taƙama. Ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya, ba a ba ni komai ba, girman kai ne kawai da son a ce na iya. Na buɗe baki na ce masa, kai ba ka lura da 'yar jakar da yake ajiyewa a raga ba? Ba ka ga kullum sai ya durƙusa ya juya baya ya yi mata magana ba? Idon Dogo ya yi haske. Kafin mu tashi daga wurin na haɗa masa baiti:

Ƙyaure, Ƙyaure, mi ke cikin jaka?
Ɗan malam da kayan boka,
A kwance jaka mu ga gola!

Ina haɗawa ina sane da abin da ke cikin jakar, da hannuna na taɓa kwance ta. Na ce wa kaina ai ban tona asirinsa ba, ban ce asma ba, wasa ne kawai na fili, a rera a watse. Kun ji irin ƙaryar da mutum ke yi wa kansa?

Waƙar ba ta tsaya a fili ba. Aka ɗauki bidiyonmu muna rerawa ya shiga wayoyi, yara suka ɗauka a unguwanni, har wani ɗan kabu-kabu na ji yana rera ta yana tuƙi, ni ina bayansa kamar in nutse. Sauran makarantun da ke gasar su ma suka ara, duk inda Ƙyaure ya tsaya a raga sai a kwance jaka mu ga gola. Masu neman dalilin ƙinsa suka samu. Amma abin mamaki, ko a hakan ma ƙiyayyar ta ƙi kama wasu, sai ka ji ana cewa ko da layarsa dai yaron kirki ne. A wani wasa wani ya jefe shi da ledar ruwa, ya sunkuya ya ɗauka ya fasa ya sha, ya ɗaga wa mai jifan hannu alamar godiya, filin ya kwashe da dariya har da wanda ya yi jifan. Ni kuwa ban yi dariya ba. Ya ci gaba da gaishe ni a waya kamar kullum, bai taɓa kawo mini zancen waƙar ba, ni ma ban kawo masa ba.

Yanzu ga mu mun kai wasan ƙarshe, mu da su. Shekaranjiya da rana ya kira ni ya ce mu haɗu wurin wata mai fura a Ƙofar Taramniya. Na same shi ya rame, furar na gabansa bai taɓa ba. Ya ce waƙar ta kai kunnen Malam, mahaifinsa. Wani ne daga cikin masu ɗaukar karatu ya kai masa, bayan an fara tsegumi a masallacin unguwa cewa mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana hana mutane zuwa wurin bokaye, ga ɗansa can yana tsare raga da asiri. Malam ya kira shi zaure, su biyu kawai. Bai yi masa faɗa ba, kuma a cewarsa da ya yi faɗan da ya fi masa sauƙi. Abin da ya ce masa shi ne, "Ban tambayarka mi ke cikin jakar, don ban son in sa ka yi man ƙarya. Amma ka rantse man ba ka ƙara shiga fili da wani abu a jikinka ko a ragarka, in ba kayan wasa ba." Ya rantse.

Na ce masa kai, me ya hana ka kwance jakar a gabansa kowa ya huta? Ya ce in ya kwance, Malam zai wanke shi daga zargin boka ya kuma raba shi da ƙwallo a zama ɗaya, ga shi an ce wasu mutane daga wani babban kulob za su zo kallon wasan Asabar, kuma wannan ce shekararsa ta ƙarshe. Na ce to ka ba kocinku ya riƙe maka. Ya ce kocin na jin kalmar asma zai sa mataimakinsa a raga. Na ce ka soke shi cikin safa mana, wa zai gani? Ya dube ni ya ce rantsuwa fa ya yi wa mahaifinsa. Kuma ko ba rantsuwa, ai mutanenmu sun kai ƙorafi wurin masu shirya gasar cewa sai an laluba shi kafin a fara wasa. Wannan gaskiya ne, Dogo ne ya jagoranci kai ƙorafin, ina tsaye aka tsara shi ban hana ba. Na ce to ka shaƙa tun daga gida. Ya ce yana yin haka kullum, amma da wannan zafin da ake yi, wasannin baya-bayan nan sai da abin ya taso masa a tsakiyar wasa duk da haka.

Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da jakar ya tura mini ita ta ƙarƙashin benci. Ya ce, "Kai ɗai ka san mi ke ciki. Na rantse ba ta zama jikina ko ragata, ban rantse ba ta zama aljihun wani ba. Ku ke tsayawa bayan raga. In ka ga na durƙusa na dafe ƙirji, ka jeho man."

Na so in ce masa ni ne, ni na jawo maka duk wannan, amma na kasa. Abin da ya fito daga bakina shi ne wai ko ya san wanda ya yi waƙar. Ya ce kowa na cewa Dogo ne, amma shi bai damu ya sani ba. Har da 'yar dariyarsa ya ce ko wane ne ya iya waƙa, don shi kansa yakan tsinci bakinsa yana rera ta in yana wanki. Ya ce ai mai waƙar bai san abin da ke ciki ba, da ya sani ba zai yi ba, don haka ya yafe masa duniya da lahira. Wallahi da ya ɗaga hannu ya kwaɗa mini mari da na fi samun sauƙi. Yafiyar ma ba tawa ba ce, ya yi ta ne ga wanda bai sani ba, ni kuwa na sani. Na karɓi jakar na sa a aljihu, muka yi sallama, ya ce Allah ya bar zumunci.

Tun daga lokacin abinci ya ƙi shiga, karatu ya ƙi shiga, ina ta juya abin ta kowace fuska ban ga mafita ba. Shi yana ganin dabararsa ta yi, ni kuwa na san fili fiye da shi ta wannan ɓangaren. Rabin wasa ne kawai zai yi a ragar da muke tsayawa bayanta. In an juya, zai koma ɗaya ragar, inda magoya bayansu suke, kuma ni da kowa ya san fuskata a gefen Dogo ban isa in ratsa cikinsu ranar wasan ƙarshe in fito lafiya ba. In abin ya taso masa a can, kafin in zagaye fili me zai faru? In kuma a gefenmu ya taso, zan fito da jakar da gari duka ke wa waƙa, a tsakiyar mutanen da ke ihun a kwance ta, wayoyi a sama ana ɗauka. Kuna ganin za su bari ta kai hannunsa? Wani zai fizge ta ya yi ta murna ya kama laya, yaro na ƙasa yana neman numfashi. In na cire abin shaƙar na jefa shi tsirara, kowa ya gani, koci ya gani, baƙin da suka zo ganinsa sun gani, kafin magariba Malam ya gani.

Na yi tunanin in je in sami Malam da kaina in faɗa masa komai, waƙar da ciwon. Wannan ne kaɗai zai tabbatar mini yaron bai shiga fili ba magani ba. Amma hakan na nufin na ci amanarsa karo na biyu, na farko na ɓata masa suna, na biyu na raba shi da abin da ya fi so a duniya ana saura kwana kaɗan ya ga amfaninsa. Kuma wa zai yarda don Allah na yi? Cewa za a yi ɗan makarantarmu ya je ya cire musu gola ana gobe wasa don mu ci kofi. Shi kansa haka zai ɗauka, kuma ina da bakin musu? Na yi tunanin in sami Dogo in ce a janye waƙar da maganar laluba, ƙarya na yi. Zai tambaye ni yaya aka yi na san ƙarya ce, kuma Dogo ba ya riƙe magana, abin da ya shiga kunnensa da safe kafin azahar ya gama makaranta. Jiya ma sai da ya tare ni yana cewa in ƙaro baiti biyu masu zafi a kan jakar saboda Asabar, yana dafa kafaɗata, jakar na cikin aljihun wandona a gefen da yake tsaye. Na ce masa kaina ke ciwo.

Na kuma yi tunanin in koma wurin Ƙyaure in faɗa masa ni ne mai waƙar. Na san halinsa, ba zai zage ni ba. Abin da nake tsoro shi ne ya miƙo hannu ya karɓi jakarsa cikin mutunci, ya ce na gode, ya ajiye ta a gida ya shiga fili haka nan, ba kowa a bayansa. In na yi shiru yana da ni, duk da ban cancanta ba. In na yi magana na sauke nauyin da ke ƙirjina, shi kuma na bar shi ba kowa.

Ban taɓa son mu ci wasa kamar yadda nake son mu ci wannan ba, shekarata ta ƙarshe ce ni ma. Amma yau ko kofin zinari ne ban damu ba, ni dai a busa tashi in ga yaron nan tsaye da ƙafafunsa. Ina jin tsoro, ina jin kunya, kuma na tsani kaina fiye da yadda na taɓa son a tsane shi.

Don Allah masu ilimin addini a cikinku, da ma'aikatan lafiya, da iyaye masu 'ya'ya, ku dubi lamarin nan ku gaya mini gaskiya ko da ɗaci. In tona ciwonsa ga mahaifinsa in kashe masa ƙwallo, ya rayu yana ƙina? Ko in riƙe amanar in tsaya bayan raga da jakar a aljihu, ina rera waƙar da na yi masa, ina addu'ar kada ya durƙusa a ragar da ba zan iya kaiwa ba? Ɗazu ya turo mini saƙo yana tambaya ko ajiyarsa na nan lafiya, har yanzu ban ba shi amsa ba.

Me zan yi?